Hutun da Aka Huda Mini Langa

Ni da kaina na kai su, wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Shekarar da ɗiyata ta fari ta cika goma, ƙanenta yana da takwas, aka ba da babban hutu daidai saukar damina, ni kuwa ba ni da hutu. Ina aikin buga takardu a wani buro, wato ofis, nan Birnin Konni, in na fita da safe sai bayan azahar. Babansu direban babbar mota ne, yakan yi sati biyu ba mu sa shi a ido ba. Gida sai surukata, wadda muke kira Inna, ita kuwa a wurinta jikokinta ba su taɓa yin laifi ba tun da aka haife su. A hutun da ya wuce sau biyu ana kamo mini su a bakin tabki, wata rana kuma ɗan kabu-kabu ne ya dawo mini da ƙaramin daga tasha, wai ya je kallon yadda ake ɗaure kaya a mota.

Saboda haka da wata abokiyar aikina ta ce mini wani matashin malami ya buɗe karatun hutu a lakwal, makarantar bokon unguwarmu, daga ƙarfe takwas zuwa ƙarfe ɗaya, ban tsaya tambayar komai ba. A zatona lissafi ne da Faransanci. Na sayo musu littafin rubutu da biro sabbi, na je na sa sunansu, na dawo ina yi wa Allah godiya.

Ranar farko suka dawo da littattafan fes, ko layi ɗaya ba a ja ba. Ƙafafuwansu kuwa taɓo har gwiwa.

Na ce, "Mi kuka koyo yau?"

Babbar ta ce, "Mama, ba a rubutu can. Mushe ya ce da hannu ake koyo." Mushe shi ne malamin, haka suke kiransa da Faransanci.

"To shi rubutun da ƙafa ake yin shi?"

Ba ta kula ni ba. Ta ce gobe kowa zai zo da gorar roba, da gawayi, da yashi, da farin ƙyalle, za su haɗa abin tace ruwa. Na ba su gora da gawayi, na ce wa Inna don Allah ta nemo musu wani tsohon tsumma in na fita. Da na dawo daga aiki na tarar da farin mayafina, wanda nake zuwa suna da biki da shi, a shanye bisa igiya, an yanke masa kusurwa guda kamar faɗin faranti.

Na ɗauko shi na nuna wa Inna. Ta dube shi, ta ce, "Sun ce hwari suke so, ni ko shi na gani hwari."

Ba a yi wa suruka faɗa. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado da mayafin a hannu har zuciyata ta ɗan sauka.

Da la'asar suka kira mu kallon abin da suka haɗa. An yanke gindin gora an kifa ta, an toshe bakin da guntun mayafina, aka jera gawayi da yashi da tsakuwa. Ƙaramin ya ɗebo ruwa daga kududdufin ƙofar gida, jajir da shi, ya zuba. Muka yi ta jira yana ɗiga. Gaskiya ya fito da haske, ban ƙi faɗin wannan ba. Ya miƙo mini kofi wai in sha, babbar ta fizge ta ce Mushe ya ce sai an tafasa. Suka hura mini gawayin da zan yi tuwo da shi, suka tafasa ruwa rabin kofi. Inna ta shanye, ta ce rabonta da ruwa mai daɗin wannan tun tana yarinya a Tsarnawa. Daga ranar duk ƙusar da ke jikin bangon gidan nan sai da aka rataya mata gora, ko'ina ɗis, ɗis, ga famfo a tsakar gida yana zuba lafiya lau.

Sati na biyu aka shiga wutar lantarki. Ranar da aka ɗauke wuta da magariba na laluba tocila, na latsa, shiru. Na buɗe, babu batir. Agogon bango ya tsaya. Rediyon Inna, wanda ko ni ba ta bari in matsar da shi, na gan shi a kan tabarma an buɗe masa ciki, ita kuma tana zaune tana riƙe wa ƙaramin ƙananan kusoshin a tafin hannunta tana cewa, "Yi a hankali, maigidana." Duk wannan ɓarnar don wani ɗan ƙwan fitila da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ya kawo haske in an haɗa waya biyu.

Na kira babansu a waya na zayyana masa. Yana wani gari a hanyar Tawa, ina jin ƙarar motoci a bayansa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ki bar su mana, injiniyoyi za mu samu a gida."

Na ce, "Kai da ba ka nan kana da bakin cewa a bar su. Motarka ba su kai gare ta ba tukuna."

Na daure duk da haka. Na ce wa kaina ai gara gora da batir da bakin tabki. Na kwashe abin da nake jin tsoronsa na kulle a akwati, na sa makullin a jakata. Abin da bai zo mini a rai in ɓoye ba shi ne langata.

Langar nan mahaifiyata ce ta ba ni lokacin aurena. Fara ce mai shuɗin fure, da murfinta, gefe ɗaya ya ɗan ɓantare tun tana hannunta. A cikinta take aika wa babanmu fura gona. Mahaifiyata ta rasu shekara huɗu kafin wannan hutun, kuma cikin kayanta langar ce kawai ta rage a hannuna. Ba na cin abinci a ciki. Tana saman kanta a ɗakin girki, ranar Sallah kaɗai nake sauko da ita.

Sati na uku aka ce shuka ake koyo. Wata Laraba na dawo, na zagaya bayan ɗakin girki zan ɗauko tsintsiya, sai ga langata a ƙasa, cike da ƙasa da takin awaki, wani ɗan tsiron zogale ya leƙo da ganye huɗu. Na ɗaga ta. Ruwa ya zubo mini a ƙafa ta ƙasanta. Na leƙa gindin: huda tara, an yi su da ƙusa, a jere kamar an auna.

Ban san lokacin da na kife ta ba. Ƙasar ta watse, tsiron ya faɗi gefe. Na ƙwala wa babbar kira, ta fito da gudu.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Ta ce, "Ni ce. Mushe ya ce gwangwani, amma gwangwanin tumatir ya yi ƙarami, saiwa ba ta samun wuri. Kuma in ba a huda ba ruwa na kwanciya ya ruɓar da ita."

"Kin san ko langar wa ce?"

"Ai ba ki amfani da ita, Mama."

Wannan maganar ta fi hudar ƙona mini rai. Na ɗaga hannu, Inna ta yi gyaran murya daga ƙofar ɗakinta, na sauke. Yarinyar ta durƙusa ta ɗauki tsiron, ta ga saiwar ta katse. Ba ta yi kuka ba. Ta tafi da shi, ranar kuma ba ta ci tuwo ba. Ni ma ban ci ba.

Washegari na roƙi shugabanmu izinin awa biyu, na sa langar a leda, na hau kabu-kabu zuwa lakwal. A hanya ina ta shirya maganar da zan faɗa, da Hausa da Faransanci, don kada mutumin ya ce bai gane ba.

Ban taɓa ganin lakwal a wannan hali ba. Azuzuwa a kulle, kowa yana waje ƙarƙashin itatuwan bedi. Yara sun kai arba'in, ɗiyan 'yan kasuwa da na ma'aikatan kwastan da na manoma duk sun cakuɗe, ba ka bambance kowa saboda taɓo. Wasu na kwaɓa laka suna buga ƙananan tubali a gwangwanin kifi, wasu na auna inuwar sanda da igiya. Can gefe na hango wani siririn saurayi, ya naɗe hannun riga, ya duƙa kan wani baho yana juya wani farin abu da itace, yara sun yi masa da'ira daga nesa. Shi ne Mushe. An ce mini matashi ne, amma ban zaci ƙuruciyarsa ta kai haka ba. Wannan ko ƙanena na uku ya girme shi.

Na yi sallama, na zaro langar na kifa masa ita a gaban ido.

Ya duba, ya dafe kai. Ya ce, "Subhanallahi. Madam, wallahi tsohon gwangwani na ce musu. Ki yi haƙuri."

Na ce, "Mayafina ma tsohon gwangwani ne? Da rediyon surukata? Mushe, ni karatu na kawo su. In rushe gida ake koya a nan, ai da an faɗa mini tun farko."

Ya yi ta ba ni haƙuri, har na rasa inda zan sa sauran maganar da na shirya. Mutum yana cewa laifinsa ne, yaya za ka ci gaba da yi masa faɗa? Ina tsaye ina huci, idona ya faɗa cikin bahon.

Na ce, "Wannan kuma mi ne ne?"

Ya ce sabulu ne suke gwadawa, yau kwana uku ke nan ya ƙi daskarewa. Ya nuna mini wata takarda da ya kwafo, da awon soda da na mai da na ruwa. Ya ce soda na ƙuna, shi ya sa bai bar yaran sun matso ba.

"To in ba su taɓa ba, ina koyo da hannun?"

Da na tsaya nan da na tsira. Amma bakina ya riga ya buɗe. Na ce mahaifiyata har ta bar duniya ba ta taɓa sayen soda ba, da tokar karan gero da man gyaɗa take yin sabulun salo, unguwa guda a wurinta ake saye, ni kuma tun ina shekara bakwai nake riƙe mata muciya.

Na ga idonsa ya yi haske, nan take na gane na yi kuskure.

"Madam, kin iya?"

"Ban ce na iya ba. Na ce na gani."

"Ranar Asabar ba ki zuwa buro, ko?"

Ya juya ga yaran tun ban amsa ba, ya ce, "Ku gaida Madam, ita za ta koya mana sabulun gargajiya ran Asabar." Yara arba'in suka haɗa baki suka gaishe ni. Cikinsu na hango ɗiyata, ita kaɗai ba ta buɗe baki ba, tana kallona ta gefen ido. Na zo yin faɗa, na koma buro da aiki a kai.

Samun busasshen kara a tsakiyar damina ma wani tashin hankali ne. Sai da Inna ta aika Tsarnawa wurin ɗan ƙanenta, ya kwance wani tsohon danni ya ɗoro mana a amalanke. Na ƙona shi ranar Juma'a da yamma, hayaƙi ya cika unguwa, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko gobara ce.

Asabar ɗin da nake wanki da kitso, ita na kwashe na kai lakwal. Ana buƙatar ƙwarya mai huda don tace ruwan toka, na manta ban zo da ita ba, Mushe kuma ba shi da komai sai takardarsa. Wani yaro ya ce, "Ga langar Madam, ai hudajja ce." Tana nan cikin ledar da na manta a lakwal ranar Alhamis. Na dubi yaron har ya sunkuyar da kai. Sannan na shimfiɗa tsumma a ciki, na zuba toka, don babu yadda zan yi.

Ban san haka yara suke da tambaya ba. Don mi toka? Don mi ta gero, ba ta itace ba? Don mi ruwan ya zama ja? Ni ban taɓa tambayar mahaifiyata don mi ba. In ta ce zuba, sai in zuba. Na ce musu haka ake yi. Suka ce don mi ake yin haka? Mushe ya karɓa yana yi musu bayani da wasu kalmomin Faransanci da ni kaina ban taɓa buga irinsu a buro ba. Na nuna musu yadda ake ɗiga ruwan tokar a kan harshe, in ya ciji harshe to ya yi ƙarfi. Kafin in rufe baki yara arba'in sun miƙo harshe. Sai da na ɗauki muciya na tsaya a gaban tukunya kamar mai gadi.

Muna cikin dafawa hadari ya haɗo daga gabas. Muka kinkimi tukunya da murhu zuwa barandar aji, itace ya jiƙe, hayaƙi ya hana mu buɗe ido. Wata yarinya ta zuba man gyaɗa duka a lokaci guda tun ban ce ba. Wani ya taka tokar da ta rage ya zame. Ƙaramina ya ɓace, aka same shi a bayan aji yana gwada ko ruwan toka na kashe tururuwa. Zuwa ƙarfe ɗaya abin da ke cikin tukunya ya yi kama da miyar kuka da ta kwana. Kallabina yana warin hayaƙi, bayana kamar zai ɓalle.

Na ce, "Mushe, ka gani. Bai yi ba. Sai an jima."

Ya ce, "Ai haka ake so, Madam. Yanzu za su tambayi kansu mi ya hana. Asabar mai zuwa sai mu sake."

Wallahi da ba a gaban yara muke ba, da na faɗa masa magana.

A hanyar gida ɗiyata, wadda kwana uku ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ruwan tokar bai dahu ba aka zuba mai. Kin ce sai ya ragu ya yi kauri."

Na ce, "Na sani."

"Ran Asabar ni zan riƙe man."

"Wa ya ce miki zan koma?"

Na koma. Wannan karon na kafa doka tun daga ƙofa: wanda ya taɓa abin da ban ce ba, ya fita. Na raba su gida huɗu, kowane gida da lokacin tuƙinsa. Ɗiyata ta rungume gorar mai a ƙirji, ba wanda ya isa ya matso. Muka dafa ruwan har ya ragu, ta rinƙa zuba man kaɗan-kaɗan, ana tuƙawa. Wajen sha biyu ya fara kumfa, ya yi duhu, ya haɗe jikinsa yana barin gefen tukunya. Ƙamshin ya taso. Rabona da wannan ƙamshin tun a tsakar gidanmu, sai na ji idona ya cika, na ce hayaƙi ne. Da ya huce kowane yaro ya dunƙula nasa kamar ƙwan zabo. Wani ya wanke hannu da shi a take, kumfa ta tashi, suka yi ihu har mai gadin lakwal ya sheƙo da gudu.

Ranar rufewa aka gayyaci iyaye. Aka jera gorori da tubali da fitilu da sabulu a kan tebura. A nan na gane ba ni kaɗai ba ce: wata mata ta tsaya a gaban wata ƙaramar mota ta waya tana cewa wannan ai mariƙin bokitinta ne, wani Alhaji kuma ya gane madubin babur ɗinsa. Mushe ya tashi ya yi godiya, ya kira ni gaba wai babbar malamar sabulu, ya ce baɗi in Allah ya kai mu zan koya musu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Aka yi tafi. Na jira aka watse na same shi, na ce, "Mushe, baɗi ko a hanya ka gan ni, kada ka gaishe ni." Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Bai samu damar gwada ni ba. Kafin wani hutun aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye a yankin Illela, kuma ba wanda ya ɗauki abin a bayansa. Da na ji labari na ce Allah ya ba mutanen can haƙuri. Na yi niyyar wannan karon in nemo wa yaran malamin lissafi na gaskiya, mai allo da alli.

Litinin ta farko ta sabon hutun na dawo daga buro, tun daga bakin layi nake jin hayaniya. Na tura ƙofa. Yara goma sha huɗu na ƙirga a tsakar gidana, na unguwa da waɗanda ban taɓa gani ba. An fito da turmina da taɓarya, an baje gyaɗar da na ajiye don miya. Ɗiyata na tsaye a kan kujerar tsugunno, ta naɗe hannun riga, tana raba su gida-gida. Inna na zaune a inuwa tana ɓare musu gyaɗa.

Na ce, "Mi ke faruwa a gidan nan?"

Ɗiyata ta ce, "Ku gaida Madam." Suka haɗa baki suka gaishe ni. Sannan ta sauko ta zo kusa, ta rage murya. "Mama, mun soya, mun daka, amma man ya ƙi fita. Ruwan zafi ake sawa ko na sanyi?"

Na tsaya da jaka a kafaɗa, takalmi a ƙafa, ko ruwa ban sha ba. Na dubi Inna, ta kau da kai tana ci gaba da ɓara.

Na ce, "Na zafi. Kaɗan-kaɗan. Kai, sauke taɓaryar nan kafin ka fasa wa wani kai. Ku matsa in gani."